Bangon Asibitin Ciyaman

An yi wani ciyaman mai son a yabe shi. Ya shirya baje kolin zane-zane, ya cika baki gaban 'yan jarida cewa a mulkinsa kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Sai ga Barau mai fentin motoci da nasa zanen: fili fetal, awaki na kiwo, ga allo an rubuta "Sabon Asibiti". Wannan asibiti kuwa tun bara ciyaman ya ce ya gama shi.

Ciyaman ya ja shi gefe yana huci. "Kai, wannan ƙarya ce! Ba zan yaga ba, kada a ce na danne ka. Ka rataye shi a wurin jama'a, amma inda ido ba zai gan shi ba. In ka kasa, ka kwana a caji ofis."

Barau ya dube shi daga hula har takalmi. "Ranka ya daɗe, a kai ni sabon asibitin in buga ƙusa a bangonsa. Wurin jama'a ne, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganinsa."

"Asibiti yana nan!"

"Madalla. Mu tafi da 'yan jarida su ga bangon, su shaida ni ne maƙaryaci."

Ciyaman ya ce, "Bar shi inda yake."

"Gara nan ɗin, ranka ya daɗe. Can awaki ne kaɗai za su kalla, su kuwa ba su da ƙuri'a."