Bokitin Roba Iri Biyu

Akwai wani mutum mai narka tsofaffin robobi yana yin bokitai. Da kaya suka yi masa ƙaranci, sai ya fara haɗa iri biyu a tukunya ɗaya, gorunan ruwa da fasassun jarkoki. A kan wuta sai su narke tare kamar 'yan uwa. Amma da bokitin ya huce, sai jijiyoyi su fito a jikinsa, ko mako ba ya yi yake tsagewa.

Mutumin ya ƙara wuta, ya yi ta juyawa har kafaɗunsa suka mutu. A banza. Da ya gaji sai ya yi dabarar rago, ya zuba jan launi ya rufe jijiyoyin. Bokitan suka fito jawur, gwanin sha'awa.

Ranar kasuwa wata mata ta dire masa nata a rabe biyu, zanenta sharkaf. Ta ce, "Malam, a kaina ya fashe, a gaban mutane. Ba ni ba kayanka." Tun daga ranar mata suka riƙa wuce rumfarsa, sana'ar da yake ciyar da iyali da ita tana mutuwa a hannunsa.

Ya tafi wurin tsohon da ya koya masa aiki, ya zauna jagwab, ya ce, "Baba, na gaji. Na juya, na rina, robobin biyu sun ƙi haɗuwa."

Tsohon ya ce, "Ɗana, ko shekara ka yi kana juyawa, zaman doya da manja za su yi." Ya ba shi ƙunshin wani gari, ya ce, "Wannan aikinsa a kan iyaka yake, daidai inda suka haɗu. Ya kama wannan, ya kama wancan, shi kuma ya narke a tsakani. In ka neme shi ba za ka gan shi ba."

Mutumin ya zuba. Da bokitin ya huce ya maka shi da ƙasa, bai tsage ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, robobin nan biyu mu ne, 'yan gari da baƙi a ikkilisiyar nan. Jan launin shi ne ankon da muke ɗinkawa kowace Kirsimeti. Shekara nawa muna zaman sulhu, a tashi kowa ya koma bencin danginsa? Garin da tsohon ya ba shi kuwa Almasihu ne, matsakancinmu, wanda ya ba da kansa domin biyu su zama ɗaya. Mai binsa ma sai ya yarda ya tsaya a tsakani, ko da za a daina jin sunansa. To, wa zai fara barin bencinsa yau?