Maƙerin da Ya Ƙi Ƙera Mari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can zamanin da, sunansa Barmo. Maƙeri ne. Ba malami ba, ba attajiri ba, ba ɗan sarauta ba. Abin da ya mallaka duka-duka shi ne zuga-zugi da masaba da uwar maƙerar da ya gada wajen ubansa, wadda yake dukan ƙarfe a kanta. Ku saurara, don labarin nan ba na shan dariya ba ne.

Wata shekara damina ta sauka da kyau, gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro. Sai hakimin garin ya sa aka yi shela: kowane namiji ya bar gonarsa ya je gandun hakimi, kwana goma cur. To al'adar garin, kwana biyu ake yi masa gayya, bayan kowa ya gama noman farinsa. Ku manoma ne, kun sani, ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda ya bar gonarsa kwana goma a wannan lokaci, ya gama da tuwon shekara.

Mutum tara suka ce sai sun gama nasu. Aka kama su, aka kulle a zaure, aka ƙwace fartanyoyinsu. Da hantsi sai ga babban dogari, Gajere, ya zube fartanyoyin a gaban Barmo.

Ya ce, "Baba Barmo, in ji hakimi, ka mayar da waɗannan su zama mari. Ƙafar masu su za a sa wa."

Barmo ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Wannan ta Nomau ce, bara na yi mata baki. Wannan ta Anaruwa ce, bahago ne, shi ya sa ta cinye ta gefe guda." Ya ajiye. "Gajere, ni na ƙera su don su ci da mutane. Ba zan mayar da su abin ɗaure mutanen ba."

Gajere ya ce, "Ni ne zan kai wannan magana? Ina da iyali fa, Baba."

"Kada ka wahalar da bakinka. Ni zan kai abata."

Kun ji ko? Bai ɓuya ba. Bai ce zazzaɓi yake yi ba, bai ce gawayi ya ƙare ba. Ya wanke hannu, ya tafi fada, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, linzamin dokinka ni na ƙera, likkafarka ni na ƙera, gobe ma in ka aiko zan yi. Amma mari a ƙafar mutumin da laifinsa noman gonarsa ne, wannan ba da hannuna ba."

Hakimi ya ce, "Kwana uku na ba ka. In ban ga mari tara ba, a tumɓuke uwar maƙerarka, kai kuma ka bar mini gari."

Barmo ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ya tashi ya fita.

Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. A garin nan aka binne cibiyarsa, a nan kabarin ubansa yake. Tsoho ne, ina zai je ya fara? Ya zauna ya dubi uwar maƙera har ƙwalla ta cika masa ido. Amma bai hura wuta ba.

Kashegari da la'asar sai ga Korau, sarkin samarin garin, mai zuciya kamar garwashi, da mutanensa a baya.

Ya ce, "Baba, ka yi mana abin kirki. Yanzu saura ɗaya. Ƙarfen nan da ke gabanka, ka yi mana kan mashi da shi. Dogarawan nan nawa suke? Gajere ko tsawon tabarya bai kai ba."

Samari suka kwashe da dariya. Barmo bai yi ba.

Ya ce, "Korau, Gajere ɗan wane ne? Ba ɗan Mantau mai tuƙa igiya ba ne, wanda kuke sallah sahu ɗaya da shi? In ka soke shi, gidan wa za ka je gaisuwar mutuwa? Hakimi kuwa abin da yake jira ke nan. Yau shi ne mai laifi. Ka zubar da jini, gobe kai ne mai laifi, ya aika a kawo dawakai, a taka geron da kake faɗa dominsa. Ban ƙera masa mari ba, ba zan ƙera maka mashi ba."

"To mu naɗe hannu, Baba?"

"Wa ya ce ka naɗe hannu? Cewa na yi kada ka ɗaga shi. In an kira ku gandu, kada ku je, kada kuma ku ɓuya. Ku ce ba za ku ba, ku faɗa da ladabi. In an kama ku, ku bi. Ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Rana ta uku dogarawa huɗu suka zo tumɓuke uwar maƙera. Ta yi musu nauyi. Wallahi sai Barmo ya tashi ya kama musu, yana cewa, "Ku riƙe ta nan, kada ta faɗo wa ɗayanku a ƙafa." Sannan ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta, ya nufi ƙofar gari da tsakar rana.

Kai mai gyangyaɗi can baya, buɗe kunnenka, nan ne wurin.

Yana tafe sai ya ji takun ƙafa a bayansa. Ya waiga. Korau ne da tabarmarsa. Bayan Korau mahauta. Bayan mahauta masaƙa, da masu jan ruwa, da mata da tukwane a ka. Ba sanda, ba ihu, ba zagi. Suka fita bayan gari suka zauna ƙarƙashin itatuwan ɗorawa.

Aka aiko dogarawa su koro su. Wani dogari ya zuba wa Korau bulala a fuska har jini ya fito. Korau ya miƙe, samari duk suka miƙe tare da shi. Barmo ya kafa masa ido. Korau ya haɗiye fushinsa, ya koma ya zauna. Ya ce wa dogarin, "In ka gaji, ga ruwa nan a tulu." Gajere ya ɗaga tasa bulalar, sai ya ga wanda ke zaune gabansa ubansa ne, Mantau. Ya sauke hannu.

Kwana biyu gari ba kasuwa, ba nama, ba mai kai ruwa fada. Hakimi ya leƙo ya ga sarautar tasa ta koma shi da awaki. A rana ta uku ya saki mutum taran, ya mayar musu da fartanyoyinsu, ya aika a ce Barmo ya dawo maƙerarsa. Kowa ya faɗa gonarsa. An yi asara, ciyawa ta ci wani abu, amma ba a binne kowa ba. Da suka gama, suka je suka yi wa hakimi kwana biyunsa, don wannan haƙƙinsa ne. Daga ranar ba a ƙara shelar kwana goma a garin ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku ɗauka. Azzalumi hannu biyu gare shi, kamar naka. Duk ɓarnar da yake yi, da hannun wasu yake yin ta. Ka hana shi naka. Malamai sun gaya mana ba a bin mutum a saɓa wa Allah, amma ba su ce ka ƙona rumfar maƙwabcinka ba. Ku samari, da an taɓa ku sai jifa da cinna wuta, ku ce jarumta ce. Ba ita ba ce. Ku kuma manya, ana miƙo muku aikin zalunci kuna karɓa, kuna cewa "sa ni aka yi". Ranar hisabi wanda ya sa ka ba zai tsaya maka ba. Gobe in an ajiye maka aikin da ka san cuta ce ga ɗan'uwanka, ka ce ba za ka yi ba. Ka faɗa da ladabi, ka faɗa a fili, ka tsaya ka ɗauki abin da zai biyo baya.

Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka.