Sulallan Madubi na Baba Khamdi

"Wane mahaukaci ne ya kashe wannan a kasuwa?"

Akwai wata matar aure mai ƙuruciya, sunanta Lamyai, tana sayar da kwaɗon ɗanyar gwanda a kasuwar wani ƙaramin gari kusa da birnin Roi Et. Ita ce ta ji wannan tambaya, kuma ba da ita ake ba. Wasu dattawa biyu ne suka gama ci a bencinta, ta ba su canji, sai mai tabarau a cikinsu ya ɗaga kwandalar bat goma, kuɗin ƙasar, yana juya ta a rana.

Abokinsa ya ce, "Kai Prasit, ko matarka ba ka yi wa irin wannan kallon."

"Matata ba ta ƙara tsada duk shekara. Matso ka gani. Dubi tsakanin rubutun, inda yatsa bai kai ba. Ka ga yadda yake ɗaukar ido kamar madubi? Ba don cefane aka buga wannan ba. Kaɗan ake yi, a rufe kowace a gidanta na roba, masu tarawa su saya."

"To nawa take yi?"

"Yanzu? Ta sha hannu, duk ta karce. Kwanon taliya biyu, shi ma in na tashi da kirki. Da tana cikin gidanta ba a taɓa ba, da ta biya maka haya."

Lamyai ta ci gaba da daka. Hannunta ne kawai ke aiki. Ta san gidan robar nan. Ta san har ƙarar da yake yi in an fasa shi.

Surukinta, Baba Khamdi, yana da wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa, cike da irin waɗannan sulalla. Duk shekarar da shinkafa ta yi kyau sai ya hau mota zuwa birni ya dawo da ɗaya ko biyu. Ɗansa Thawat, mijin Lamyai, ba abin da ya tsana kamar gwangwanin nan.

"Baba, ka ba da ɗaruruwa ka karɓo goma, kana kuma murna? Ko bauna ba ta wannan ciniki."

"Zauna in gaya maka abin da suke."

"Ƙarfe ne. Na gani."

Kullum a nan maganar ke tsayawa. Lamyai ce kaɗai ke zama kusa da tsohon in ya fito da su, don ita ba ta iya tashi ta bar babba yana magana. Ya taɓa ce mata, "'Yata, waɗannan na shekarar da ruwa zai ƙi zuwa ne." Ta ce to. Ta ɗauka zancen tsofaffi ne.

Da Baba Khamdi ya rasu, Thawat ya rantse ba za a ce ya yi wa ubansa ƙaramar jana'iza ba. Ya sayar da motar noman hannu da suke da ita, aka ciyar da gari. Saura sulallan da bisa al'adar garin ake naɗewa a watsa wa jama'a ranar rakiyar gawa, don ladan ya bi mamaci. Mata sun zo da zaren ribon kala-kala, amma canjin da aka tara bai kai ko'ina ba, banki kuma da nisa.

Thawat ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin.

Uwarsa, Inna Buala, ta ce, "Ko shi ba ya taɓa su da hannu."

"Inna, kuɗi ai kuɗi ne. Yau dai za su yi amfani."

Ya karɓi taɓaryar Lamyai, wadda take daka gwanda da ita, ya zauna a ƙasa yana fasa gidajen ɗaya bayan ɗaya. Mata suka naɗe kowace kwandala, wata kamar fure, wata kamar kifi. Washegari aka watsa. Yara da manya suka yi ta wawa ana dariya. Kafin mako ya zagayo an warware ribon, an sha ƙanƙara, an biya kuɗin mota.

Damina biyu ke nan. Ta biyun ruwa bai zo ba. Thawat yana ƙwadago a gonakin mutane. Ba ya faɗa, ba ya hira, abinci ma sai an tuna masa.

Yau a kasuwa, da dattawan nan suka miƙe za su tafi, sai Lamyai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Kawu... in mutum yana da su cike da gwangwanin biskit fa?"

Prasit ya yi dariya. "Da sai in ce ki kashe aurenki ki dawo gidana. Gwangwani guda ai ya sayi motar noma, har a ba ki canji."

"In an bi mutane an tattaro su fa?"

"An gama, 'yata. Fuskar ake saya. In ta karce, ta karce."

Ta ce to, sun gode. Ta goge benci. Wata mata ta zo ta ce a sa mata barkono uku, Lamyai ta sa uku. Ba ta ji baƙin ciki ba, ba ta ji komai ba, kamar an tsoma kanta cikin randa ana magana daga waje. Da kasuwa ta lafa ta zazzage kwanon canji, ta riƙa karkata kowace kwandala a rana. Ta sami guda irin ta gwangwanin. Duk ta dushe, sai wani ɗan wuri a gefen rubutu da har yanzu yake haske.

A hanya ta yi ta shirya maganar. Ta san yadda za ta fara. Ta san kuma cewa tun da aka yi aurensu ba ta taɓa samun abin da zai rufe bakin Thawat kamar wannan ba.

Ta same shi zaune a kan matakalar gida, taɓo ya bushe a ƙafafunsa. Inna Buala tana gefe tana tsince wake. Lamyai ta tsaya, kwandalar tana cikin tafinta.

Ya ga ƙyallinta. "Mene ne wannan?"

"Daga canji ta fito. Kamar ta Baba ce."

Ya karɓa ya juya ta.

"Ban taɓa zama na saurare shi ba," in ji shi. "Ko sau ɗaya. Abin da nake riƙe da shi kawai, abin da ya fi so shi na watsa masa. Wannan dai na yi daidai." Ya ɗago ya dube ta. "Ko ba haka ba?"

Inna Buala ta daina tsintar waken, ita ma tana jiran amsa.

Lamyai ta dubi taɓon ƙafarsa, ta dubi inuwar da motar noman take kwana a da, inda yanzu kaji ke birgima. Maganarta ba za ta mayar da kwandala ko ɗaya cikin gwangwani ba.

"Haka ne, Yaya," ta ce. "Tashi ka wanke ƙafa, shinkafa ta nuna."

Ta hau sama, ta ajiye kwandalar a gaban hoton Baba Khamdi, gefen mai hasken yana kallon bango. A nan tsaye ta yanke cewa ba mai ji daga bakinta, ko shi, ko Inna, ko 'ya'yan da za ta haifa.

Darasi: In babba ya ce ka zauna ya gaya maka wani abu, ka zauna, don wata rana za ka nemi maganar ka rasa mai faɗa. In kuma ka riski gaskiyar da ba za ta gyara komai ba sai dai ta karya wanda ya riga ya durƙusa, riƙe ta ma jinƙai ne. Ku tura wa wanda har yanzu iyayensa ke raye.