Ƙwayar Ƙarfe a Robar Kunne

An ce wai a wani birni mai yawan injinan niƙa, ƙara ta kusa kurmantar da ma'aikata, har suka koma toshe kunnuwa da roba. To fa, sai wata fitinar ta ɓullo. Robar kan zame ta faɗa cikin garin da ake niƙawa, mayen ƙarfen da ke bakin inji kuwa, mai tsince ƙusa da waya, bai ma san da zamanta ba.

Wani maƙeri, Tanimu, ya sayar da gonarsa ya duƙufa neman mafita, har ya dasa ƙwayar ƙarfe a cikin robar, yadda in ta faɗa mayen ƙarfe zai cafke ta. Hukuma ta ba shi izini cewa shi kaɗai zai ƙera. Ba a jima ba Alhaji Barmo, mai babban injin birnin, ya kwaikwaya, don ƙarfin hali ma ya kai ƙara gaban Alƙali Yahuza wai a soke izinin.

Ranar shari'a bawan Allah Tanimu ya zauna, ya san in izinin ya tafi, ba gona ba sana'a.

Barmo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, roba tsohuwa ce, mayen ƙarfe tsoho ne. Haɗa su har wata dabara ce? Ni kaina na daɗe da sani."

Alƙali ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. 

Can Alƙali ya ce, "Alhaji, kafin aikin Tanimu, in roba ta ɓace a injinka yaya kake yi?"

"Mata nake sawa su tankaɗe garin da rariya. Wani sa'in a gan ta, wani sa'in ta wuce."

"Ta wuce ina?"



Alƙali ya amsa da kansa, "Tukunyar tuwon mutane. To, zaɓi ɗaya. In ka daɗe da sanin maganin amma ka bar 'ya'yan mutane suna haɗiyar roba, mu ajiye wannan shari'a mu buɗe waccan. In kuwa ba ka sani ba sai da ka gani a hannun Tanimu, faɗi jama'a su ji."

 Da ƙyar Barmo ya ce, "Sai da na gani, Malam."

Aka bar wa Tanimu izininsa.

Kowace dabara takan yi sauƙi bayan an gan ta. Mai raina ta, a tambaye shi abin da ya hana shi yin ta tun jiya.