Sabon Famfo da Bututun Ruwan Zafi

Akwai wani mutum a wani gari mai sanyi a kan tudu, yana zaune da matarsa da tsohuwarsa. Tsohuwar ta baro ƙauye ne domin sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ga ta kuma mace ce da ba ta iya zama haka kawai. Famfunan kicin ɗin gidan kuwa sun tsufa, sun yi tauri, sai an murɗa da ƙarfi kafin ruwa ya zo. Ko kofi ɗaya za ta wanke, sai ta kira wani ya buɗe mata. Abin ya yi ta cin ranta.

Ran nan ta ce wa ɗanta, "Ni dai ka mai da ni gida. A can ina da randata da moɗata, ba na roƙon kowa ruwa."

Maganar ta soki mutumin, gama ba ya so uwarsa ta koma ta zauna ita kaɗai. Sai ya tafi kasuwa ya sayo sababbin famfuna biyu, na sanyi da na zafi, irin masu hannu waɗanda ake ɗagawa da yatsa ɗaya. Ya bari sai da tsohuwa ta tafi taron Zumuntar Mata a coci, sa'an nan ya naɗe hannun riga ya ɗauko sufana.

Ya zagaya wurin tanki ya rufe makullin ruwa. Ya dawo ya buɗe famfon sanyi, ruwa ya ɗiga kaɗan ya tsaya. Ya ce a ransa, "Shi ke nan." Yana waƙar yabo ya kwance tsohon ya ɗaura sabo, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar shi ya ƙera ƙarfen. Daga nan ya kwanta rigingine a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, fuskarsa daidai bututu na biyu, ya kafa sufana.

Sai ga matarsa ta shigo da kayan miya.

"Baban Godiya, yau kuma injiniya ka zama?"

"Tun da can injiniya ne ni, ke ce ba ki lura da wanda kika aura ba."

"To, injiniya, ka rufe ruwa?"

"Na rufe tun daga tanki."

"Na zafin fa?"

"Maman Godiya, ruwa ai ruwa ne."

Ba ta yi masa gardama ba. Ta sunkuya, ta kama hannunsa ta ɗora a kan bututun. Ya fizge hannun da sauri har ya buga goshi da katako.

Ashe ruwan zafi yana da tasa hanya dabam. Hita, wato tukunyar lantarki mai dafa ruwa, tana can maƙale a bango, sama da kansa, cike da ruwan da ya sha wuta tun safe, kuma rufe tanki bai taɓa abin da ke cikinta ba. Shi da ya tashi da ruwan rijiya, bai taɓa tunanin haka ba.

Ya tashi ya kashe wutar hita, ya rufe nata makullin. Matar ta tara babbar roba, ta buɗe tsohon famfon a hankali. Sauran ruwan da ke cikin bututu ya zubo, tururi ya turnuƙe kicin. Mutumin ya tsaya yana kallo, yana shafa fuskarsa.

Matar ta ce, "Da yanzu ina fige ka kamar kaza."

Suka yi ta dariya har ta riƙe ciki. Suka zauna a bakin ƙofa suna tsinke alayyafo har bututu ya huce, sa'an nan ya ɗaura famfo na biyu, ita tana miƙa masa kayan aiki.

Da tsohuwa ta dawo, ya kai ta kicin ya ce, "Mama, ɗaga wannan." Ta sa yatsa ɗaya, ruwa ya zo. Ta sauke, ya tsaya. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa, sai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta dube su biyun ta ce, "Ku fita mini daga kicin, tuwo zan tuƙa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: famfon shi ne bakinmu, bututun zafi kuwa fushin da muke ajiyewa ne. Dukanmu muna da abin da muke so mu gyara a gida, da kyakkyawar niyya kuwa. Miji yana so ya yi wa matarsa magana, uwa tana so ta tsawata wa 'yarta, ɗan ƙungiyar mawaƙa yana so ya shirya da abokinsa. Sai mu tsara kalmomi masu daɗi, mu ce ai mun huce, alhali abin da aka yi mana tun makon jiya yana nan yana tafasa a ciki. Muna buɗe baki sai ya feso, ya ƙona wanda muke ƙauna, ya ƙona mu.

To, kun ga abin da mutumin nan ya yi. Ya kashe wutar tukuna: ka daina maimaita laifin a zuciyarka, gama maimaitawar ce take hura shi. Sauran zafin kuma ka juye shi gaban Ubangiji cikin addu'a, shi ba ya ƙonewa. Ka ɗan jira, jira ba ragwanci ba ne. In kuma Allah ya ba ka wanda zai kama hannunka ya ce, "Taɓa nan, da sauran zafi," kada ka yi masa gardama, ka gode masa.

Saboda haka, kafin ka je wurin mutumin nan da kake shirin yi wa magana a wannan mako, tsaya ka taɓa zuciyarka. In da ɗumi, durƙusa tukuna. In ta huce, tashi ka tafi da murna, Ubangiji yana tare da kai.