Hansatu da Faifan Surukin Likita

An yi wata baiwar Allah a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, wadda maigidanta na wurin aiki ya miƙo mata faifai ya ce, "Saka wannan." Ita kuwa ta ce, "Likita, ka yi haƙuri, ba zan saka ba."

Ku saurara, 'yan'uwana mata, don in ba ku san mene ne a faifan ba, za ku ɗauka fitsara ce.

Sunanta Hansatu. Zamanin da kwamfuta ta fara shiga ƙananan asibitocin unguwa ne. Ta yi karatunta, aka ɗauke ta aiki a asibitin wani likita mai suna Dakta Jibo, ta riƙa kula da kwamfutocin. Ba su da yawa: ta wurin yankan kati, ta ɗakin gwaji, ta wurin magani, sai ta ofishin likita. An haɗa su da juna, abin da aka rubuta a ɗaya ana ganinsa a sauran. Matar da ke neman haihuwa a ɓoye, sunanta na ciki. Dattijon da gwajin jininsa ya nuna abin da ko iyalinsa bai gaya wa ba, sunansa na ciki. Kuma unguwa ce, kowa ya san kowa.

To, kwamfuta ma tana kamuwa da cuta. Wata cutar lalata ta take yi, wata kuwa kwashe abin da ke ciki take yi ta kai wa ɓarawo. Shi ya sa ake sa mata manhajar tsaro, wadda ake kira antibayiros. Likita ya ce Hansatu ta zaɓo musu. Ba ta yi gaggawa ba. Ta nemi wadda ke sabunta kanta kullum, wadda ba za ta yi wa tsofaffin kwamfutocinsu nauyi ba, wadda mutum zai zauna wuri ɗaya ya lura da dukansu, kuma mai lasisi na halal. Ta samo, likita ya amince.

Ana haka sai labari ya kai ga Alhaji Tanimu, yayan matar likita, mai shagon kwamfuta a kasuwa. Ya taso da kansa, yana ɗingishi saboda ciwon gwiwa, ya kawo faifai a leda, kyauta. Kwafin sata ne na wata manhajar tsaro. Kafin ya yi aiki sai an kashe tsaron kwamfuta, sannan a bar wata kafa a buɗe, yadda ma'aikatan shagonsa za su riƙa shigowa daga nesa suna tayar da shi duk lokacin da ya mutu. Wannan ne faifan da Hansatu ta ƙi.

Ta ce, "Likita, in na saka, daga kasuwa za su ga duk abin da muke gani."

Ya ce, "Alhaji mutumin kirki ne."

"Na sani. Ma'aikatansa fa? Yawancinsu 'yan unguwar nan ne. Akwai wanda gyatumarsa ke zuwa nan."

Kada ku ɗauka likita mugu ne ko marowaci. Kunya ce ta ɗaure shi. Sai ya ce, "Hansatu, kin san abin da ake nufi da mayar wa suruki kyauta? Mutumin nan shi ya ba ni auren ƙanwarsa."

"Ba sai ka mayar ba. Ka yi godiya, ka jefa a durowa."

"Ma'aikatansa za su gaya masa ba su ga kwamfutocinmu ba."

"To ka ce ni na ƙi."

"Ni ne mai asibitin ko ke?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ga lambar sirrin kwamfutocin, ban riƙe maka komai ba. Hannuna ne dai ba zai yi ba."

Ku lura da kyau. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ɓoye lamba ba. Ba ta fita unguwa tana terere ba. Ta mayar wa mai abu abinsa, ta riƙe nata.

Daga ranar aka tashe ta daga kan kwamfuta, aka mayar da ita bakin ƙofa tana kiran layi. Mai karatu, mai takardar shaida, tana kiran layi. Ta kira. Nas-nas suka laƙa mata Hajiya Lasisi, ta amsa. Ta zo da wuri kamar da, ta tashi tare da kowa kamar da.

Wata rana Alhaji Tanimu ya shigo ya same ta. Ya ce, "Ke ce 'yar bokon da ta fi ƙarfin kyautata?"

Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba. Yaya ƙafar?"

Ya ce, "Ƙafa da sauƙi. Ke ce dai babu sauƙi."

A gida ma ba ta tsira ba. Mahaifiyarta ta ce, "Ke da an ce ki saka abu, ki saka mana. Asibitin na ubanki ne?"

Ta ce, "Inna, ke ma a can kika yanki kati."

Inna ta tura mata kwano ta ce, "Ci tuwonki kafin ya huce."

Alhaji bai daina yi wa ƙanwarsa mita ba, ƙanwar ba ta daina yi wa mijinta ba. A ƙarshe likita ya kira Hansatu, idonsa a kan tebur, ya ce an rage ma'aikata. Ta yi masa godiya, ta nemi ya yafe mata in ta taɓa saɓa masa, ta ɗauki jakarta.

Na ga fuskokinku. Kuna jira in ce cuta ta shiga kwamfutocin, likita ya zo har gida yana ba ta haƙuri. Ba zan yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi ba. Ban sani ba ko ya saka faifan, ko bai saka ba. Bai je gidansu ba.

Darasin a fili yake: sirrin mutane amana ne, kuma ba a yi wa wani kara da amanar wani. Kowaccenmu a nan tana riƙe da sirrin wata. Ke nas, ke malamar makaranta, ke mai kitso da ake yi wa hira kai a cinya. Da wuya wanda zai ce ki buɗe kafar ya zo miki da fuskar maƙiyi. Babba ne zai zo, wanda kike jin nauyinsa, da kyauta a hannu. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce a'a.

Amma ki san abin da za ki biya. Hansatu ta rasa aikinta. Aka yi ta yaɗa cewa tana da girman kai, sauran asibitocin garin suka ƙi ɗaukarta, ta yi shekara da shekaru tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago bakin titi. Waɗanda ta tsaya dominsu kuwa suna wuce ta a hanya, ko ɗaya bai san ta yi masa komai ba.