Hannun Kansila Abdulbaqi

Akwai wani malamin tarihi a Ƙofar Ran, sunansa Abdulbaqi. A aji ba shi da hira sai ta 'yan majalisar Amurka na farko, yadda wasu ke kwana da kwanaki a kan hanya don su je su faɗi abin da mutanensu suka aiko su.

Ana nan sai unguwa ta tsayar da shi kansila, ya kuwa ci. Wanda ya ɗauki nauyin takararsa wani attajiri ne, Alhaji Bappa.

Ba a jima ba Alhaji ya so gina shaguna a kan magudanar ruwan unguwar. Kowa ya san in aka toshe ta, damina za ta shiga ɗakunan mutane. Abin da ya rage kawai kansiloli su ɗaga hannu.

Abdulbaqi ya ce bai yarda ba.

Alhaji ya yi dariya. "Malam, nan Bauchi ce, ba Amurkarka ba. Ni na ɗora ka, ni zan sauke ka."

Da ya ga ya ƙi tanƙwaruwa, sai ya bi ta inda aka saba bi, wato wajen mahaifiya. Ya tura dattawa gidan Inna A'i, don ya san ɗan cikin gari ba ya tsallake maganar uwa. Wallahi nan ya tafka kuskure. Bai tambayi inda ɗakin tsohuwar yake ba, alhali bangonta ne ke jingine da magudanar.

Inna ta saurare su tsaf, ta sa aka kira ɗanta. A gabansu ta ce, "Abdulbaqi, in ka ɗaga hannun nan, kada ka ƙara sa shi a tuwona."

Ranar zama hannaye suka tashi, nasa na kan gwiwa. Aka yi lallami, aka yi barazana, ko gezau. Wata kansila, Felicia, ta dube shi, ta sauke nata a hankali. Wasu suka bi ta, magana ta rushe.

Alhaji ya cika alkawari, zaɓe na gaba aka hana Abdulbaqi takara. Ya koma aji da allinsa, ko a jikinsa.

Bana an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya bi hanyarsa ya wuce, ba gida ɗaya da ya faɗi a layin.

Darasi: Kujera aro ce, amanar mutane kuwa har kabari za a tambaye ka. In an aike ka, tsaya a kan aiken ko da za a sauke ka. Ku tura wa kansilan mazaɓarku ya karanta.